Gudawa a jikin mai raunin garkuwa da mai karɓar maganin kansa mai zaburar da garkuwa: tambayoyi da amsoshi

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da marasa lafiya da masu jinyarsu suke yawan yi: masu ɗauke da HIV, masu karɓar maganin kansa (ciwon daji), waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu shan maganin sitiroyid irin su prednisolone na dogon lokaci. Adadin magungunan da aka ambata na manya ne, kuma an kawo su don mai jinya ya gane abin da likita ya rubuta, ba don a je kemis a saya ba.

1. Wane ne ake cewa garkuwar jikinsa ta yi rauni?

Raunin iri-iri ne, kuma kowanne da cutar da yake buɗe wa ƙofa. A wurin mai ɗauke da HIV, ƙwayoyin garkuwa na jini da ake kira CD4 ake dubawa. Lafiyayye yana da tsakanin 500 zuwa 1,500, kuma idan suka sauka ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa shi cikin waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu. Mai karɓar kemo kuwa, wato maganin da yake kashe ƙwayoyin kansa kai tsaye, fararen ƙwayoyin jini da ake kira neutrophil ne suke faɗuwa, yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi masa ƙarin maganin, sannan su farfaɗo. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko na ɓargo, da gangan ake danne garkuwarsa don kada jiki ya ƙi abin da aka dasa.

Akwai kuma waɗanda suke ciki ba su sani ba. Miligiram 20 na prednisolone kullum na tsawon wata guda ya isa ya kwantar da garkuwa, dexamethasone kuwa ya ninka shi ƙarfi kusan sau bakwai. Mai shan sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, da dattijon da ake haɗa wa ƙwayoyin ciwon gwiwa a leda, duk suna iya faɗawa wannan rukuni idan akwai irin waɗannan magunguna a cikin abin da suke sha.

2. Me ya sa hanji ne yake fara nunawa?

Duk abin da aka ci aka sha ta nan yake bi, kuma kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwa a bangon hanji suke zaune. HIV tun makonnin farko take cinye CD4 na wannan bango. Kemo kuma yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, shimfiɗar cikin hanji kuwa cikin kwana 3 zuwa 5 take sabunta kanta, don haka tana cikin na farkon salewa.

Da zarar haka ta faru, ƙwayar da lafiyayye yake kora cikin mako ɗaya ko biyu sai ta samu wurin zama. A 1993 ƙwayar cutar Cryptosporidium ta shiga ruwan famfon birnin Milwaukee na Amurka, mutum kimanin 400,000 suka kamu da gudawa. Galibinsu sun warke da kansu. Mafi yawan waɗanda suka rasu masu fama da ƙanjamau ne.

3. Waɗanne ƙwayoyin cuta ne suka fi kawo wannan gudawar?

Cryptosporidium ce kan gaba, musamman idan CD4 ya yi ƙasa da 100. Gudawarta ruwa ce zalla, ba jini, tana iya kai lita da yawa a yini, kuma tana iya hawa hanyar matsarmama ta kawo ciwon gefen dama na ciki. Cystoisospora da Cyclospora suna kama da ita a alamu, sai dai su suna jin magani sosai. Microsporidia kan bayyana idan CD4 ya kusa ƙarewa, ta zo da rama mai tsanani.

Bairos ɗin CMV daban yake. Yawancin manya sun kamu da shi tun suna yara, yana kwance ne kawai. Idan CD4 ya sauka ƙasa da 50, ko bayan dashe, ko bayan dogon shan sitiroyid, sai ya farka ya yi gyambo a babban hanji: murɗawar ciki, zazzaɓi, bayan gida da jini. Clostridioides difficile kuma bayan shan maganin kashe bakteriya take zuwa, domin maganin ya share ƙwayoyin kirki da suke tare mata wuri. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara dole a ƙara da biyu: Salmonella wadda ba ta taifot ba, wadda take tsallaka hanji ta shiga jini, wani lokaci ma ba tare da gudawa ba, da kuma tibin hanji. Tsutsar Strongyloides tana da tata tambayar a lamba 6.

4. An gwada bayan gida an ce babu komai, gudawa kuwa ba ta tsaya ba. Me ke faruwa?

Gwajin da aka saba yi a ƙananan ɗakunan gwaji ƙwan tsutsa da amiba yake gani. Cryptosporidium ba ta kai girman jar ƙwayar jini ɗaya ba, kuma ba ta fitowa sai an shafa mata rini na musamman, irin na gwajin tibi da aka ɗan sauya. Idan likita bai rubuta sunanta a takardar gwaji ba, ba za a neme ta ba. Cystoisospora kuma ba kullum take fita a bayan gida ba, shi ya sa ake kai samfur sau 3 a ranaku daban-daban. A zuba shi a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, kada ya gauraya da fitsari ko ruwan tsarki, a kai shi cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Wasu kuma ba a bayan gida ake kama su ba sam. Salmonella da ta shiga jini sai an shuka jinin a ɗakin gwaji, wato a ajiye shi a ga ko ƙwayar za ta hayayyafa. CMV sai an leƙa babban hanji da na'ura mai kyamara an gutsiro ɗan nama. Clostridioides gubarta ake nema, kuma a bayan gida mai ruwa kaɗai. A kuma duba magungunan da mutum yake sha, domin lopinavir na HIV, mycophenolate na dashe da metformin na ciwon sukari duk suna sa gudawa da kansu.

5. Mene ne maganin kowace?

Cystoisospora da Cyclospora, Septrin ne maganinsu: miligiram 960, sau 2 zuwa 4 a rana na kwana 7 zuwa 10, sannan a ci gaba da ƙaramin adadi har sai CD4 ya haura 200 ya zauna, in ba haka ba ta dawo. Mai karɓar methotrexate kada ya haɗa shi da Septrin sai da sanin likitan kansa, domin su biyun tare suna iya durƙusar da ɓargo. CMV ganciclovir ake ba shi ta jijiya, miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki sau 2 a rana, na mako 3 zuwa 6, ana bin jininsa da gwaji saboda maganin yana rage fararen ƙwayoyi. Clostridioides kuma vancomycin ne na sha, miligiram 125 sau 4 a rana na kwana 10. Na jijiya ba ya isa cikin hanji, don haka ba ya aiki a nan.

Cryptosporidium ita ce mai wuyar. Nitazoxanide yana taimaka wa mai garkuwa mai ƙarfi, amma a jikin wanda CD4 ɗinsa ya faɗi ba ya taɓuka abin kirki shi kaɗai. Abin da yake kawar da ita shi ne dawowar garkuwa: fara maganin HIV ba jinkiri, ko rage magungunan dashe idan likita ya ga hali. Haka abin yake ga mafi yawan Microsporidia, ko da yake albendazole yana kashe wani nau'inta.

6. Me ya sa likitoci suke tsoron tsutsar Strongyloides haka?

Ta fatar ƙafa take shiga idan an taka ƙasa mai damshi da ta gauraya da bayan gida, kamar a fadama ko gonar shinkafa. Abin da ya raba ta da yawancin tsutsotsin ciki shi ne tana hayayyafa a cikin mutum ba sai ta fita ba: 'ya'yanta suna huda hanji su sake zagayowa. Ta haka take zama shekaru da dama, mutum bai ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi ko ɓacin ciki jefi-jefi. Wanda ya taso a ƙauye ya koma birni, ko ya yi shekara 30 a Ingila, yana iya kasancewa da ita har yau.

Ranar da aka ɗora shi kan sitiroyid mai yawa, sai tsutsar ta yi ambaliya. Dubbai su huda hanji su nufi huhu, suna jan bakteriyar hanji zuwa cikin jini, har zuwa ƙwaƙwalwa. Mara lafiya ya zo da gudawa, tari, haki da zazzaɓi, a ɗauka ciwon huhu ne kawai, kuma da yawa ba sa tashi. Abin takaicin shi ne rigakafin mai sauƙi ne: ivermectin, maikirogiram 200 a kowane kilo, na kwana 1 ko 2, kafin a fara sitiroyid ko tare da farawa. Shi ne Mectizan da ake rabawa a yankunan da ke fama da makantar bakin kogi. Gargaɗi ɗaya: wanda ya zauna a dazukan Kamaru ko kudancin Najeriya a fara gwada jininsa don tsutsar Loa loa, mai ratsa farin ido, domin idan tana da yawa a jini ivermectin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Dubi lamba 10 don ganin inda wannan ya shafi mai kansa.

7. Mene ne maganin kansa mai zaburar da garkuwa, kuma me ya raba shi da kemo?

Kemo kai tsaye yake kashe ƙwayoyin kansa. Wannan kuwa garkuwar mutum yake sakewa ta yi aikin. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira T suna da linzami a jikinsu, wato wasu sunadarai irin su CTLA-4 da PD-1, waɗanda suke hana su afka wa jikin mai su. Kansa ta iya riƙe wannan linzami ta ja, sai ƙwayoyin T su tsaya cak a gabanta. Maganin yana zare linzamin ne. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan su suka samu kyautar Nobel ta 2018 kan wannan bincike.

Ipilimumab, mai toshe CTLA-4, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2011 don kansar fata ta melanoma. Pembrolizumab da nivolumab, masu toshe PD-1, sun biyo baya a 2014, kuma yanzu ana amfani da wannan rukuni a kansar huhu, ƙoda, mafitsara, bakin mahaifa, da wani nau'in kansar mama. Galibi ta jijiya ake ba su. Pembrolizumab, alal misali, miligiram 200 ne duk mako 3, ko 400 duk mako 6. Ba kowace kansa suke yi wa aiki ba, kuma sau da yawa sai an gwada naman ƙarin kafin a yanke shawara.

8. Idan garkuwa yake ƙarfafawa, yaya kuma zai kawo gudawa?

Ƙwayoyin T da aka zare wa linzami ba ƙwayoyin kansa kaɗai suke gani ba. Suna iya afka wa fata, hanta, huhu, tayirod, da babban hanji. Idan hanji suka kama, sai ya kumbura ya yi ja, wani lokaci da gyambo, mutum ya riƙa zagayawa da ruwa, da majina, ko da jini. Ipilimumab ya fi sauran jawo wannan, musamman idan an haɗa shi da nivolumab. Yakan fara ne tsakanin mako 5 zuwa 10 da soma magani, amma yana iya zuwa bayan allurar farko, ko watanni bayan an daina.

A nan ne haɗarin yake. Gudawar raunin garkuwa da gudawar garkuwar da ta wuce iyaka kamanninsu ɗaya a ido, maganinsu kuwa kishiyar juna ne. Ta farko tana son a kashe ƙwayar cuta a ɗaga garkuwa, ta biyu tana son a danne garkuwa. In an juya su, an ƙara wa mara lafiya ciwo.

9. To yaya likita yake bambance su?

Da farko yana ƙirga yawan zagayawa a kan abin da mutum ya saba a yini. Ƙari ƙasa da 4 mataki na 1 ne, 4 zuwa 6 mataki na 2, 7 ko fiye mataki na 3, na 4 kuwa shi ne wanda rai yake cikin haɗari, kamar hujewar hanji. Saboda haka mai jinya ya riƙa rubutawa a takarda: sau nawa, da ƙarfe nawa, akwai jini ko babu, ya tashe shi da dare ko a'a. “Yana ta zagayawa” ba ta isa likita ya yanke hukunci ba.

Daga mataki na 2 ake dakatar da maganin kansar a aika bayan gida gwaji: shuka don bakteriya, gubar Clostridioides, ƙwayoyin da aka ambata a lamba 3, da calprotectin mai nuna kumburin hanji inda ake yinsa. Ana duba jini don gishirin jiki, ƙoda da CMV. Idan akwai jini ko ciwon ya yi tsanani sai a leƙa hanji a gutsiro nama. A mataki na 3 da 4 ba a jiran duk sakamako ya fito: ana ɗaukar samfur, a fara magani, gwajin ya biyo baya. Kuma samun ƙwayar cuta ba ya kore kumburin garkuwa, su biyun suna haɗuwa a hanji ɗaya.

10. Yaya ake maganin kumburin hanjin, kuma me yake lalacewa?

A mataki na 2, prednisolone ne na sha, miligiram 1 a kowane kilo a rana. A mataki na 3 da 4 ana kwantar da mutum a ba shi methylprednisolone ta jijiya, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo. Idan kwana 3 zuwa 5 suka wuce ba sauƙi, sai a ƙara infliximab, miligiram 5 a kowane kilo, ko vedolizumab miligiram 300, wanda aikinsa ya fi tsayawa a hanji. Bayan an samu sauƙi ana rage sitiroyid a hankali cikin mako 4 zuwa 6. Yanke shi rana ɗaya yana dawo da kumburin, kuma yana iya faɗar da hawan jini ƙasa warwas domin jiki ya daina sarrafa nasa sitiroyid ɗin.

Daga wannan lokaci mai kansar ya koma cikin mutanen lamba 1. Abin da ya kwanta a jikinsa yana iya tashi. Infliximab yana tayar da tibi da ciwon hanta nau'in B, waɗanda duka suna da yawa a Najeriya da Nijar, don haka ya kamata a gwada su tun ranar da za a fara maganin kansar, ba sai gudawa ta zo ana gaggawa ba. Sitiroyid yana tayar da Strongyloides da CMV. Wanda zai kai wata guda kan miligiram 20 na prednisolone ko fiye ana ba shi Septrin don kare huhu. Kuma idan gudawa ta lafa sannan ta dawo ana tsakiyar shan sitiroyid, kuskure ne a ƙara adadin kai tsaye. A sake neman CMV da Clostridioides tukuna.

11. Rituximab da CAR-T fa, su ma haka suke?

A'a. Su ƙwayoyin B suke sharewa, masu ƙera sinadaran kariya na jini. Rituximab, wanda ake amfani da shi tun 1997 a kansar kaluluwa, yana barin mutum da ƙarancin wannan kariya na watanni bayan allurar ƙarshe. CAR-T, inda ake ɗebo ƙwayoyin T na mara lafiya a sauya su a ɗakin gwaji a mayar masa, an fara amincewa da shi a 2017, kuma raunin da yake bari yakan fi daɗewa. Waɗannan mutane Giardia, norobairos da Campylobacter ne suke naɗe musu, su tafi su dawo. Wani lokaci sai an yi musu ƙarin sinadarin kariya ta jijiya. Gwajin ciwon hanta nau'in B kafin rituximab wajibi ne.

12. Zan iya shan Flagyl ko Imodium a gida kafin in ga likita?

Flagyl ba ya kashe Cryptosporidium, Cystoisospora, CMV ko Strongyloides, ba ya kuma kwantar da kumburin garkuwa. Haɗa shi da ciprofloxacin ko tetracycline ba gwaji yana ɓata sakamakon shuka, yana share hanya ga Clostridioides. Akwai ma binciken da ya nuna masu shan maganin bakteriya dab da fara pembrolizumab da danginsa ba sa cin moriyarsa kamar sauran.

Imodium yana rage zagayawa ne kawai. Idan akwai zazzaɓi, jini ko kumburin ciki, yana iya tsayar da hanji ya buɗe har ya huje. Ga mai maganin zaburar da garkuwa kuma yana ɓoye ƙidayar da likita yake dogaro da ita a lamba 9. A guji ibuprofen da diclofenac, suna ƙara wa hanji da ƙoda rauni. Abin da za a fara a gida shi ne ruwan gishiri da sukari: fakitin ORS ɗaya a lita 1 ta dafaffen ruwa, ko in babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kofi guda bayan kowace zagayawa, kuma abin da ya kwana ya wuce sa'a 24 a zubar.

13. Yaushe ne ba a jira gari ya waye?

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai kemo, ko da ba wata alama, na gaggawa ne: ana so maganin bakteriya ya shiga jijiyarsa cikin sa'a ɗaya da isa asibiti. Idan ya haɗu da ciwon ƙasan ciki ta dama, hanji ne yake iya kumbura saboda rashin fararen ƙwayoyi. Haka nan jini ko baƙin bayan gida, ciki ya kumbura ya yi tauri, amai da ya hana shan ruwa, fitsari ya ɗauke na sa'a 8, jiri in an miƙe, ko ruɗewa. Mai shan sitiroyid ya sani maganin yana ɓoye zazzaɓi da ciwo, hanji yana iya hujewa jiki bai yi zafi ba.

Mai dashen ƙoda ya kira likitansa tun ranar farko, domin gudawa tana ɗaga adadin maganin dashe na tacrolimus a jini har ya cutar da ƙodar. Mai HIV kuma kada ya daina maganinsa saboda gudawa.

14. Wane ruwa da wane abinci ne suka dace?

Tafasa ruwa ya yi minti 1 yana ɓararraka shi ne abin dogaro. Kulorin da WaterGuard ba sa kashe Cryptosporidium, alif kuma kwantar da laka kawai yake yi. A zuba dafaffen ruwan a mazubi mai murfi da ƙaramin baki, ba randar da kowa yake tsoma moɗa ba. Ƙanƙara, zoɓo da kunun ayar kan hanya da ruwan da ba a san asalinsa ba ake yinsu. Nono sai wanda aka tafasa madararsa, ƙwai sai ya dahu gwaiduwa ta daskare, tsire da balangu sai da zafinsu. Latas da kabejin lambun da ake bayi da ruwan kwata, wankin gishiri ba ya tsarkake su, a dafa ko a haƙura. 'Ya'yan itace masu ɓawo a wanke a fere da kai.

Hannu kuma da sabulu da ruwa, bayan tsarki da kafin cin abinci. Man goge hannu mai barasa ba ya kashe Cryptosporidium ko Clostridioides. Maruƙa da 'yan awaki masu zawo, da kunzugun jarirai, wani ya kula da su. A sa takalmi a gona da tsakar gida mai damshi.

15. Bayan kumburin hanji za a iya komawa kan maganin kansar? Mai HIV ko mai dashe fa?

Bayan mataki na 2, da wasu na mataki na 3, ana iya komawa kan mai toshe PD-1 idan gudawa ta lafa kuma prednisolone ya sauka zuwa miligiram 10 ko ƙasa a rana. Ipilimumab ba a komawa kansa bayan mataki na 3, mataki na 4 kuwa an rabu da rukunin ke nan. Mai HIV da yake shan maganinsa, bairos ya kwanta, yana karɓar waɗannan magunguna kamar kowa. Mai dashen ƙoda ne shawararsa take da nauyi, domin garkuwar da aka zaburar tana iya ƙin ƙodar, don haka likitan kansa da na ƙoda tare suke zama da shi.

Duk wanda ya taɓa karɓar wannan magani ya riƙe kati a aljihu mai ɗauke da sunan maganin, ranar allurar ƙarshe da lambar likitansa, ya nuna shi a kowane asibiti ya shiga, har aƙalla shekara guda bayan dainawa.